Hoto Bebe, Allo Mai Baki: Nazari a kan Finafinan Farfaganda na Yaƙin Duniya na Ɗaya

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a duba wasu daga cikin finafinan da aka yi domin farfaganda a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, watau daga 1914 zuwa 1918, zamanin da silima ba ta fara magana ba tukuna. Masu sharhi sun saba raba waɗannan finafinai gida biyu. Akwai waɗanda aka ɗauko a fagen fama, su ne ake kira na gaskiya; akwai kuma waɗanda 'yan wasa suka shirya, su ne ake kira na ƙage. Mu a ganinmu wannan rabo bai isa ya zama ma'auni ba, domin a beben fim hoto ba ya faɗin kome da bakinsa. Wani ne ke magana da yawunsa: ko allon bayani da ake sakawa tsakanin hotuna, ko makaɗan da ke zaune a gindin majigi, ko kuwa mai jawabi da ke tsaye a gaban jama'a. Saboda haka wanda ke neman inda ƙarya ta kwanta a irin wannan fim, in ya tsaya ga hoto kaɗai, jifa yake a duhu.

Yadda hukuma ta shiga silima

Da yaƙi ya ɓarke a watan Agusta 1914, manyan sojan Turai ba su ɗauki silima a bakin kome ba. A wajensu abin shagalin leburori ne da 'yan aikin gida. A Ingila, Lord Kitchener, wanda ke riƙe da ma'aikatar yaƙi, ya hana masu ɗaukar hoto kusantar fagen fama, kuma hanin bai sassauta ba sai wajen ƙarshen 1915. Ofishin farfaganda na asiri da aka kafa a gidan Wellington House, a ƙarƙashin Charles Masterman, ya fara aikinsa ne da littattafai da ƙasidu. Fim ɗinsa na farko mai tsawo, Britain Prepared, bai fito ba sai a watan Disamba 1915. Faransa ta kafa sashen silima na soja a cikin 1915. Jamus ce ta fi makara: ofishinta na hoto da fim, wanda ake taƙaita sunansa BUFA, an kafa shi a watan Janairu 1917. Ran 4 ga Yuli na wannan shekara Janar Ludendorff ya rubuta wa ma'aikatar yaƙi takarda yana neman a haɗa kamfanonin fim na ƙasar a hannu ɗaya, kuma daga nan aka sami kamfanin UFA a watan Disamba, da jarin mak miliyan 25. Abin da ya farkar da Jamusawa daga barci kuwa, galibi fim ɗaya ne na abokan gaba, kuma a kansa za mu fi daɗewa.

The Battle of the Somme

Ran 1 ga Yuli 1916 sojan Ingila suka auka wa Jamusawa a yankin kogin Somme, a arewacin Faransa. A wannan wuni ɗaya sojan Ingila 57,470 suka mutu ko suka ji rauni ko suka ɓace. Matattu daga cikinsu 19,240 ne. Masu ɗaukar hoto biyu, Geoffrey Malins da John McDowell, suna wurin da kyamarorinsu na katako masu ƙafa uku, waɗanda ake juyawa da hannu. Abin da suka ɗauko aka harhaɗa ya zama fim mai kashi biyar, tsawonsa sa'a ɗaya da kwata ko kusa da haka. An fara nuna shi a Landan ran 10 ga Agusta, aka sake shi ga jama'a ran 21 ga wata, alhali ana can ana gwabzawa a Somme ɗin. An ƙiyasta cewa an sayar da tikiti wajen miliyan 20 cikin mako shida, a ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 50 ba. Har Sarki George na Biyar ya kalle shi a fadar Windsor.

Wanda ya kalli fim ɗin yau zai yi mamakin rashin hayaniyarsa. Ba jarumi a ciki, ba budurwa, ba mugu. Sojoji ne ke wucewa sahu-sahu suna ɗaga wa kyamara hula, ana tara harsasan igwa kamar buhunan gyada, ana dafa abinci, limamin soja yana addu'a a fili. Sa'an nan sai ga fashewar nakiyar da aka binne a ƙarƙashin tudun Hawthorn, wadda Malins ya ɗauka da ƙarfe 7:20 na safe, ƙasa ta tashi sama ta tsaya kamar dutse kafin ta zubo. Akwai kuma hoton wasu sojojin Lancashire zaune a wata kwarar hanya, suna jiran umurni. Ba dariya a fuskokinsu, suna duban kyamara kurum. An ɗauke su ne jim kaɗan kafin su tashi, kuma da yawa daga cikinsu an kashe su ko an raunata su a safiyar nan. Ba mu san wani ɗan wasa da ya taɓa iya irin wannan kallo ba.

Manazarcin nan Nicholas Reeves ya auna fim ɗin, ya tarar kusan kashi 13 cikin 100 na tsawonsa hotunan matattu ne da masu rauni. Wannan abin lura ne ƙwarai, domin hukuma ce da kanta ta nuna wa uwaye gawawwakin 'ya'yansu. Ana ganin wani soja ya goyo abokinsa ta cikin rami, ya ɗago kai ya dubi mai kallo, allon bayani kuwa ya riga ya sanar cewa wanda aka goyo ya cika bayan minti talatin da isowarsa. Ana ganin fursunonin Jamus a gajiye, ana ba su ruwa da taba, har da inda wani sojan Ingila ya bangaje ɗaya daga cikinsu, ba a kuma yanke wurin ba. Wani babban malamin coci a Durham, Hensley Henson, ya rubuta wa jaridar The Times yana ƙorafi cewa an mayar da makoki abin kallo. Masu ba shi amsa, cikinsu har da waɗanda suka rasa 'ya'ya, sun fi masu goyon bayansa yawa.

To, a tsakiyar wannan fim ne ake samun guntun da ya fi kowane suna, kuma shi ne na ƙarya. Sojoji na hawa bakin rami su fita, ɗaya ya zame ya dawo bai motsa ba. Sauran su tsallake waya mai ƙaya su shige hayaƙi, biyu su faɗi. Binciken da ma'aikatan gidan tarihin yaƙi na Landan suka yi, musamman Roger Smither, ya nuna cewa an shirya wannan ne a bayan fage, a wani wurin horar da soja. Alamun suna nan ga mai ido: ramin ba shi da zurfi, mutanen ba su ɗauke da cikakkun kayansu, kyamara tana tsaye a inda mashinga za ta share ta nan take, ɗaya daga cikin "matattun" kuma ya gyara ƙafarsa ya waiwayo. Dukan abin da aka tabbatar shiri ne a fim ɗin bai fi minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi ba. Ainihin harin ma yana ciki, an ɗauko shi daga nesa, mutane ƙanana kamar tururuwa suna gudu a gefen tudu, wasu suna faɗuwa. Sai dai ba mai tuna wannan. Mutuwar gaske ta fito ƙarama, ba ta da fasali. Ta wasa kuwa ta cika majigi, kuma ita ce aka ba da labarin ta sa 'yan kallo ihu.

Masu suka da yawa sun tsaya a nan, suka ce an kama ɓarawo. Mu kuwa muna ganin an kama ɗan tsintuwa ne, an bar ɓarawon yana tafiya. Guntun nan na shiri bai faɗi abin da bai faru ba: mutane sun fita daga ramuka, an kuwa harbe su. Babbar ƙaryar tana cikin allunan bayani da tsarin da aka jera hotunan. An jera su ne kamar labarin nasara, daga shiri, zuwa hari, zuwa fursunoni da ganima, zuwa sojoji suna murna za su ci gaba. Alluna suna ambaton ramukan da aka ƙwace da irin ɓarnar da igwa ta yi wa abokan gaba. Ba allo ko ɗaya da ya ce a arewacin fagen, inda Malins ya tsaya, harin ya wargaje tun da safe, ko kuwa ya ambaci adadin da muka kawo a sama. Kowane hoto gaskiya ne, amma jimlar da aka gina da su ba gaskiya ba ce. Wanda ya kalla ya fita da cewa an biya tsada an sami riba, alhali a ranar tsadar kurum aka biya.

Jamusawa sun mayar da martani da nasu fim ɗin, Bei unseren Helden an der Somme, watau tare da jarumanmu a Somme, a watan Janairu 1917. Yawancin faɗan da ke ciki shiri ne a filin horo, ba a kuma nuna gawar Bajamushe ba. Bai yi tasiri irin na Ingila ba. A Ingila ma kasuwar ba ta daɗe ba: fim na biyu, na yaƙin Ancre, ya ja jama'a a farkon 1917 saboda son ganin tankar yaƙi, amma daga nan 'yan kallo suka janye, hukuma ta koma ga gajerun finafinan labarai.

Hoto ɗaya, baki biyu

Misalin da ya fi fito da hujjarmu fili shi ne na wani fim na Jamus mai suna Der magische Gürtel, na 1917. An ɗauke shi a cikin jirgin ƙarƙashin teku mai lamba U-35, wanda Lothar von Arnauld de la Perière ke jagoranta, a tekun Bahar Rum. Ana ganin jirgin yana tare jiragen 'yan kasuwa, ana sauke ma'aikatansu, ana kama kyaftin, sa'an nan a nutsar da jirgi. Ana ganin matuƙa suna wanka a teku, shugabansu kuma yana soke sunan jirgin da ya nutse daga littafin rajista. A Jamus an nuna shi a matsayin shaidar ƙwarewa da bin ƙa'idar yaƙi. Bayan yaƙi ya ƙare fim ɗin ya faɗa hannun abokan gaba, aka sake shi a Ingila a 1919, daga baya a Amurka da Faransa. Hotunan su ne dai, alluna kurum aka sauya, sai ga shi ya zama shaidar ta'asa. Murmushin da Bajamushe ya gani na jarumta, Bature na Ingila ya gan shi na rashin imani.

Haka abin yake ga kiɗa. Wata mujallar 'yan silima ta Ingila, The Bioscope, ta buga jerin waƙoƙin da ya kamata makaɗa su bi fim ɗin Somme da su, kuma da yawa daga ciki taken maci ne mai sa kuzari. Da aka gyara fim ɗin a 2006, Laura Rossi ta tsara masa sabon kiɗa mai nauyi da juyayi. Wanda ya kalle shi da kiɗan farko, ya sake kallonsa da na biyu, zai rantse finafinai biyu ya gani. Malamai da suka yi zamani da majigi a ƙasar nan ba sa bukatar dogon bayani a kan wannan. Motar silima mai yawo ƙauye-ƙauye, Ingila ta yi amfani da ita a gida tun 1918, kuma sashen fim na ƙasashen mulkin mallaka da aka kafa a 1939 ya gaji dabarar, yana aiko da finafinai galibi bebaye, mai fassara yana cika su da baki. Kowa ya san abin da jama'a suka tafi gida da shi ya danganta ne ga bakin mai fassarar.

Amurka da finafinan ƙiyayya

A Amurka abin ya ɗauki wata hanya dabam, domin can kamfanoni ne ke gaba, hukuma na biye. Tun kafin ƙasar ta shiga yaƙi ana jayayya a majigi: The Battle Cry of Peace na J. Stuart Blackton, a 1915, ya nuna abokan gaba sun mamaye birnin New York saboda sakaci, shi kuwa Civilization na Thomas Ince, a 1916, wa'azin zaman lafiya ya yi. Da aka shiga yaƙi ran 6 ga Afrilu 1917 sai jayayya ta ƙare. Shugaba Wilson ya kafa kwamitin watsa labarai a ƙarƙashin George Creel, wanda ya fito da finafinai irin su Pershing's Crusaders da America's Answer a 1918, ya kuma baza masu jawabi wajen 75,000 da ake kira mutanen minti huɗu, domin suna magana ne a gidajen silima cikin ɗan lokacin da ake sauya faifan fim. Ga baki nan kuma a gefen hoto.

Amma waɗanda suka cika aljihun kamfanoni su ne finafinan da suka mayar da Bajamushe dodo. The Kaiser, the Beast of Berlin na Rupert Julian ya fito a 1918, haka kuma My Four Years in Germany, wanda aka gina a kan littafin tsohon jakada James Gerard. A cikin The Heart of Humanity, Erich von Stroheim ya fito a matsayin hafsan Jamus, yana ƙoƙarin keta mutuncin wata ma'aikaciyar jinya, kukan jariri ya dame shi, ya ɗauke shi ya jefar ta taga. A nan beben fim ya sami abin da ya iya. Ba ya iya bayyana ƙawancen ƙasashe ko rikicin Balkan, amma ya iya gashin baki, da gilashin ido ɗaya, da ƙofa da ake bugawa daga waje, da mace a lungu. Ƙasar Beljiyam da Faransa duk sun koma jikin mace, yaƙi kuma ya koma tseren ceto.

Babban misali shi ne Hearts of the World na D. W. Griffith, a 1918. Hukumar Ingila ce ta gayyace shi, aka kai shi fagen fama, fim ɗin ma ya buɗe da hotonsa a cikin rami da kuma inda yake gaisawa da Firayim Minista Lloyd George. Wannan gabatarwa hatimi ce, an buga ta don a ce abin da zai biyo gaskiya ne. Alhali yawancin fim ɗin an ɗauke shi ne a Ingila da Kalifoniya. Griffith da kansa ya nuna cewa yaƙin, in an auna shi da ma'aunin wasan kwaikwayo, bai gamsar da shi ba: mutane na ɓoye a ƙasa, abokin gaba ba a ganinsa. Saboda haka ya koma gida ya shirya yaƙin da ya fi dacewa da kyamara. Ba za a hana shi haƙƙinsa ba. Wurin da Lillian Gish ke yawo a fagen fama cikin dare, hankalinta ya gushe, tana rungume da rigar aurenta, aiki ne na gwani. Amma gwanintar tana hidima ne ga bulalar da sajan na Jamus ke tsula mata, kuma ita Gish ta faɗa daga baya cewa Griffith bai yafe wa kansa wannan fim ba. A 1924 ya tafi Jamus ya yi Isn't Life Wonderful, labarin talakawa masu fama da yunwa da tsadar kaya.

Dole a yi adalci a nan, domin masu suka na bayan yaƙi sun wuce gona da iri. Ta'asar Jamus a 1914 ba ƙage ba ce gaba ɗaya. Binciken John Horne da Alan Kramer, na 2001, ya tabbatar da cewa sojan Jamus sun kashe fararen hula wajen 6,500 a Beljiyam da Faransa a watannin farko. A garin Dinant kaɗai an kashe 674, an kuma ƙona ɗakin karatu na jami'ar Louvain. Jirgin Lusitania ma an nutsar da shi da gaske ran 7 ga Mayu 1915, mutane kusan 1,200 suka halaka, 128 daga ciki Amurkawa. Da yake ba kyamara a wurin, Winsor McCay ya zana abin da hannu, zane wajen 25,000, ya fito da fim na minti goma sha biyu a 1918; zanen yana da natsuwa da ban tausayi, alluna kuwa suna kumfar baki. Laifin waɗannan finafinai shi ne sun bar kisan da aka yi, wanda ke da wuri da rana da adadi, suka kama jariran taga da yankakkun hannuwa da ba a taɓa tabbatarwa ba. Da Arthur Ponsonby ya fito da littafinsa a kan ƙaryar lokacin yaƙi a 1928, sai jama'a suka zubar da tsaba tare da ƙaiƙayi. Wannan shakka tana daga cikin abin da ya sa mutane da yawa a Ingila da Amurka suka yi jinkirin gaskata labarin kisan Yahudawa a lokacin yaƙin Hitila.

Akwai kuma bakin da aka toshe. Robert Goldstein ya yi fim mai suna The Spirit of '76 a 1917, a kan yaƙin neman 'yancin Amurka, inda ya nuna sojan Ingila suna kisan gilla. Irin hotunan da ake yi wa tafi ne in Bajamushe ke aikatawa, amma Ingila ta zama abokiya a lokacin. An kama fim ɗin, aka yanke wa Goldstein ɗaurin shekara goma a ƙarƙashin dokar leƙen asiri, daga baya aka rage zuwa uku. Kotun ƙoli ta riga ta yanke tun 1915 cewa fim sana'a ce kurum, ba ya cikin maganar da tsarin mulki ya kare.

Abin da ya rage a hannunmu

Duk hukuncin da za a yanke a kan waɗannan finafinai, ana yanke shi ne a kan ragowa. Rahoton da ɗakin karatu na majalisar Amurka ya fitar a 2013 ya nuna cewa kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen bebayen finafinan ƙasar sun salwanta. The Kaiser, the Beast of Berlin yana cikinsu, haka ma fim ɗin Goldstein. Abin da aka sani game da su daga tallace-tallace ne da sharhin jaridu da takardun kotu. Da aka tsagaita wuta ran 11 ga Nuwamba 1918 ba mai son kallonsu kuma, ba kuwa wanda ya damu da adana su. Finafinan hukuma su ne suka tsira, domin suna da gida. Gidan tarihin yaƙi na Landan ya karɓi fim ɗin Somme a 1920, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin kundin abubuwan tarihi na duniya a 2005. Tun daga shirin talabijin na BBC a kan wannan yaƙi, a 1964, masu shirya finafinan tarihi suka riƙa yanko guntaye daga cikinsa, suna cire allunansa suna ɗora nasu bayani, kuma guntun da suka fi yankowa shi ne na ramin nan marar zurfi, inda mataccen soja ke gyara ƙafarsa.